Kalmar "Solo" da Yadda Ya Kamata Mu Fassara Ta

Sau da yawa mukan tarar da kalmar nan "solo" cikin littattafan Turanci, sai mu ce wa yara ma'anarta mai waƙa shi kaɗai, mu wuce. Fassarar nan ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce, malami kuwa bai kamata ya sallami almajiransa da rabi ba.

Asalin kalmar daga bakin mutanen Italiya ta fito, su kuma daga Latin suka gaje ta, ma'anarta kuwa kaɗai, ko tilo. Mutanen Ingila suka ara, suka ƙara mata wutsiya, suka ce "soloist", watau mai yin waƙar ko kiɗan. Amma a wurinsu mutum iri biyu take nufi. Na fari, wanda ya tsaya ba kowa tare da shi. Na biyu, wanda ke cikin taron makaɗa, kome yawansu, amma muryarsa ko abin kiɗansa ke gaba, sauran suna rufa masa baya.

Mu ma muna da iri biyun nan. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ne kurum. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu cikin 1999, da masu kalangu da 'yan amshi yake tafe, amma shi ke ba da waƙa, su karɓa. In mace ce ke ba da waƙa haka, zabiya muke ce da ita. Dukansu Bature zai kira su da kalma guda, mu kuwa mun rarrabe.

Saboda haka kafin mu fassara sai mu duba zancen tukuna. In irin na fari ne, mu ce mawaƙi tilo, ko makaɗi tilo. In irin na biyu ne, mu ce mai ba da waƙa, ko makaɗin da ke gaba. Kada mu ce maroƙi, gama wannan kalma sana'ar mutum take nunawa, watau wasa mutane don samun kyauta, ba ruwanta da yawan waɗanda ke bayansa.

Abin da muka shuka a aji shi yaran za su girba har tsufansu. Allah ya sa mu shuka daidai, amin.