Darasin Mu'amala: Wa Za Ki Ba Kayanki Ta Sayar Miki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwana mata, tun bayan sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen shekarar 2024, hanyoyi da kasuwanni sun fara farfaɗowa, mata a Kuyello da kewaye sun koma ga sana'o'insu: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, turaren wuta, ɗinkin hijabi. Mai sana'a tana cikin gida, dillaliya ce ke shiga da kayan gida-gida, ko kuma wata ta ɗora hotonsu a WhatsApp, in an saya ta karɓi la'ada. Manyan kamfanonin intanet irin su Jumia ma haka suke yi da wakilansu. To amma jarin da aka tara da adashe, dillaliya ɗaya marar amana ta isa ta cinye shi. Shi ya sa darasinmu na wannan fitowa yake kan tantance wadda za a ba kaya.

Da farko, dillanci halal ne. Imam Bukhari ya kawo babi a kan ladan dillali, inda ya ambaci cewa Ibn Sirina da Aɗa'u da Ibrahimun Nakha'i da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Ma'aunin zaɓe kuwa yana cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, inda 'yar dattijon nan na Madyana ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. Uwar Muminai Nana Khadija (RA) ma sai da ta samu labarin gaskiyar Manzon Allah (SAW) kafin ta ba shi dukiyarta zuwa Sham, kuma ta haɗa shi da yaronta Maisara. Kin ga ke nan bincike ba zargi ba ne.

Na ɗaya, amana. Kada ki tsaya ga zaƙin bakinta. Tambayi waɗanda ta taɓa sayar wa kaya: tana kawo ciniki a kan lokaci? Yaya take zubi a adashe? Wadda ba ki san gidanta ba, sai dai lambar waya, to ta kawo wanda zai tsaya mata, mijinta ko yayanta ko shugabar ƙungiyar unguwarsu.

Na biyu, iyawa. Wata mutuniyar kirki ce amma lissafi yana rikice mata, ko ba ta iya ce wa mai neman bashi a'a. Ki tambaye ta su wa za ta sayar wa, a wace unguwa, kuma ina za ta ajiye kayan.

Na uku, yadda take talla. Wadda ke rantsuwa a kan ƙarya, ko ta ɓoye aibin kaya, ko ta sa hoton wani turare ta kai wani daban, sunanki take ɓatawa, kuma in kin sani kin yi shiru kina da kaso a zunubin. Haka nan wadda za ta ɗora wa ƙaramar 'yarta tire a lokacin makaranta, ko ta tura ta tasha da daddare, ribar da za ta kawo miki ba ta kai abin da yarinyar za ta rasa ba.

Na huɗu, gwaji. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an umarci a jarraba marayu kafin a miƙa masu dukiyarsu. Ke ma fara da kaɗan, kwalba biyar ko hijabi uku. In ta cika alkawari sau biyu sau uku, sai ki ƙara.

Na biyar, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A rubuta yawan kaya, farashi, la'ada da ranar kawo kuɗi, a gaban shaidu. La'ada ta zama sananniya tun farko, kada a ce "za mu daidaita". A kuma sani cewa a fiƙihu dillaliya amintacciya ce: in kaya suka salwanta ba da sakacinta ba, misali aka tare mota a hanya, asarar ta mai kaya ce. In kuwa ta saɓa sharaɗi, kamar ta bayar bashi alhali an hana ta, ita za ta biya.

Ke ma mai neman wakilci, ki tantance mai ɗaukarki. Duk tsarin da za a ce ki zuba kuɗi, ribarki kuma ta dogara ga mutanen da kika jawo ba ga kayan da kika sayar ba, ki guje shi. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025.

Daga ƙarshe, mai kaya ita ma ana tambayarta amana. Ki biya la'ada da zarar ciniki ya faɗa, kuma kada ki zagaya ta baya ki ƙwace mata mai saye. Wadda kika ga ba ta dace ba, ki sallame ta da magana mai daɗi, ba tare da kin yaɗa sirrinta ba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga cin haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.