Kada Ku Yi Gaggawar Danne Maɓalli

'Ya'yana masu kula da kwamfutoci a Gumel da Maigatari, da na Gagarawa da Sule Tankarkar, tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, aikinku ya ƙara nauyi, domin duk inda aka tara kwamfutoci da yawa akan samu saba guda wadda sauran suka dogara da ita. A kanta nake so in ja kunnenku. Idan kun umarce ta ta mutu ko ta sake tashi, sai ta tsaya cak, ba gaba ba baya, kada hannunku ya yi saurin kaiwa ga maɓalli ko soket.

Na san abin da ke sa ku gaggawa. An ɗauke wuta, UPS na ta kuka, ga zafin Afrilu ya cika ɗaki, ga oga a tsaye a kanku. Amma saba da ta maƙale galibi ba mutuwa ta yi ba, jira take. Ku dubi ɗan kasuwa a Maigatari da yammacin Alhamis: ba ya tashi sai ya shigar da cinikin ranar a littafi. Ita ma tana kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa faifan ajiya, tana rufe rumbun bayanai. Kuka yanke mata wuta a nan, kuna iya wayar gari da sunayen ɗalibai ko lissafin albashi a dagule.

In Linux ce, ku danna Esc, rubutun da ke ɓoye zai fito. Sau da yawa za ku ga systemd na jiran wata manhaja da ta ƙi rufuwa, har da sunanta da ƙidayar lokaci. A yawancin tsare-tsare daƙiƙa 90 yake ba ta, daga nan ya kashe ta da ƙarfi ya wuce. Minti ɗaya da rabi ke nan, kuma wallahi da yawa daga cikinku ba sa iya jiransa. Ku rubuta sunan manhajar a takarda. Ku kuma kalli fitilar faifai, in tana ƙiftawa aiki ake yi, ku ƙyale ta.

Abin da ya fi yawan riƙe ta shi ne ma'ajiyar da aka jono daga wata na'ura ta netwok, irin NFS. In an riga an kashe waccan na'urar, ko an cire waya, saba za ta yi ta sallama ba mai amsawa. Don haka kashewa ma tana da tsari: ƙananan kwamfutoci tukuna, sannan saba, ma'ajiya da suwic a ƙarshe. Wani lokacin kuma faifan ne ya fara gajiya, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka har zafi ya yi yawa. Manhajar smartctl za ta gaya muku lafiyar faifai. In kuwa komai ya rufu lafiya, wuta kawai ta ƙi yankewa, ku zargi BIOS, ku nemi sabonsa daga kamfanin da ya ƙera na'urar.

In tura ta kai bango, a Linux akwai dabarar Alt da SysRq, muddin an kunna ta tun farko: ku riƙe su biyun kuna danna haruffa, S ta sauke bayanai, U ta kare faifai daga rubutu, B ta tayar da na'ura. Ya fi danne maɓalli nesa ba kusa ba.

Bayan ta tashi, kada ku ce alhamdu lillahi kawai ku tafi gida. Ku buga journalctl -b -1, ku karanta layukan ƙarshe na zaman da ya wuce, amma sai kun saita ta tana adana wannan tarihi. Masu Windows su buɗe Event Viewer, lamba 41 da 6008 na nuna ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Don Allah ku ajiye littafi kusa da saba, ku riƙa rubuta rana da abin da kuka gani da maganin da ya yi, kuma ku gwada kashe ta da tayar da ita tun saura mako guda a fara jarrabawa.