Sabon Ɗalibi da Matsalar Masauki: Tsokaci a kan Ɗaliban Kankiya da Kusada

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsalar da ke fara tarar ɗalibin da ya sami shiga jami'a, tun kafin ya ga fuskar malami, watau inda zai riƙa kwana. An ɗauki ɗaliban ƙasar Kankiya da Kusada a matsayin misali saboda yanayin zaman garuruwan. Kankiya tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, akwai kuma hanyar da ta haɗa ta da Dutsinma. Don haka ɗalibin wannan yanki yakan sami kansa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, wadda aka kafa a 2006, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, ta 2011, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Babu wadda ta yi nisan da zai yanke shi da gida, amma kuma babu wadda ta yi kusan da zai riƙa jeka-ka-dawo kullum, musamman ɗan Kusada da sai ya fito babban titi tukuna. Dole ne ya nemi masauki.

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a waiwayi yadda Bahaushe ya ɗauki masauki tun asali. A al'ada, baƙo ba ɗaki yake nema ba, mutum yake nema. Falke idan ya isa zango yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda cinikin goro da na shanu ya dogara kacokan a kan masu gida. Haka almajiri yake kwana a zauren malaminsa, malamin kuma shi ke amsa tambaya a kansa. Shi ya sa ake cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, domin sai da ɗan gari yake gani.

Makarantun kwana na boko sun ɗauki wannan nauyi a wuyansu. Tun daga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, hukumar makaranta ce mai masaukin ɗalibi. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta bi wannan sawu, ta gina ɗakunan kwana a Samaru irin su Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo da Amina da Ribaɗu, tare da ɗakunan cin abinci. A wancan zamani ɗalibi ba ya zaɓen komai, ana nuna masa gado ne ya ajiye akwatinsa. Yadda ɗalibai suka ɗauki wannan a matsayin haƙƙi ya fito fili a watan Afrilu na 1978, lokacin da ƙarin kuɗin abinci da na kwana ya haddasa zanga-zangar neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Samaru. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa. Ɗalibai suka ci gaba da ƙaruwa, gine-gine kuwa suka kasa cim musu. Daga nan ne zaɓi ya faɗo a kan ɗalibi da mahaifinsa.

Hanyoyin da ke gabansa uku ne, amma ba daidai suke da nauyi ba. Ta farko ita ce gado a cikin makaranta, wanda a yanzu akan nema ta shafin jami'a na intanet, kuma yakan ƙare da wuri. Amfaninsa a bayyane yake, domin ya fi araha, yana kusa da aji da laburare da masallaci, akwai kuma masu gadi a ƙofa. Illarsa ita ce cunkoso. Ɗakin da aka gina don mutum kaɗan yakan cika da 'yan raɓe, ga layin ruwa da na banɗaki, ga ɓatan wayar hannu da bokiti. Duk da haka, ga ɗan aji ɗaya wannan ce hanya mafi dacewa. A cikin wannan cunkoson ne yake haɗuwa da ɗan aji uku da zai nuna masa ofishin sashe, ya ara masa takardun bara, ya kuma faɗa masa malamin da ba ya yafe latti. Watau dai tsohon ɗalibi ne ya gaji aikin fatoma.

Ta biyu ita ce sauka a gidan dangi, kuma da wuya a sami ɗan Kankiya ko Kusada da ba shi da kawu ko gwaggo a Katsina ko Kano. Iyaye sun fi son wannan, musamman ga 'ya mace, kuma suna da hujja. Sai dai wanda ya ci tuwon gida dole ya yi aiken gida. Ba ya iya ce wa kawunsa yana da jarrabawa gobe a lokacin da aka miƙo masa kuɗin cefane, ba kuma ya iya kwana a aji yana karatu ba tare da an yi masa wata fassara ba. Ga kuɗin mota kullum, tunda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana wajen gari ne a kan hanyar Dutsinma, sabon matsugunin Jami'ar Bayero kuma yana can hanyar Gwarzo.

Ta uku, wadda ta fi jan hankalin samari, ita ce haya a unguwannin da ke maƙwabtaka da makaranta. A nan ne ɗalibi yake samun 'yancin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, a nan ne kuma tsohuwar ma'anar masauki ta fi raunana, domin mai gidan haya kuɗinsa ya sani, sau da yawa ma wakilinsa kaɗai ake gani. Abin ya wuce maganar tarbiyya ya kai ga maganar rai. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a watan Oktoba na shekarar kuma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma daga gidan da suke zaune a wajen makaranta. Ba a ce katangar makaranta ta isa kariya ba, domin abin da ya auku a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 a cikin makaranta ya auku. Amma gidan da ke ƙarshen gari, wanda duk mazaunansa baƙi ne, ba shi da wanda zai lura da baƙuwar fuska, balle ya yi kururuwa.

Saboda haka idan gado bai samu ba, haya ta zama tilas, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko mai gidan yana zaune a cikin gidan ko kusa da shi, kuma ko mai unguwa ya san da zaman ɗaliban. Gidan da ɗalibi zai riƙa gaida mai shi da safe, ya kira shi Baba, ya fi wanda aka shafe da sabon fenti a bayan gari, ko da kuɗinsu ɗaya. Sai kuma abokan zama. Ɗalibai sukan tattaru 'yan gari ɗaya su kama ɗaki, wanda ke da amfani idan ciwo ya kama ɗayansu, domin akwai mai sanar da gida. Amma zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma saɓanin da aka yi a kan garin tuwo a Samaru yakan riga ɗalibi isa Kusada. Ya fi kyau a yanke tun ranar farko yadda za a raba kuɗin haya da na wuta da aikin girki.

Akwai kuma ruwa, wanda masu neman ɗaki suka fi mantawa da shi. Wanda ya duba gida da damina ko da kaka zai tarar da rijiya cike, ya biya kuɗin shekara da murna. Rijiyar nan tana iya ƙafewa a watan Maris ko Afrilu, ɗalibi ya koma sayen jarka wurin 'yan garuwa da kuɗin da aka ba shi na abinci. Maƙwabta ne za a tambaya yadda rijiyar take da bazara, ba wakilin mai gida ba, kuma a je duba unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan sallar isha'i.