Idan Maƙirgi Ya Tumbatsa: Yadda Kanel Ke Ji da Shi

A aikin fassarar kalmomin kwamfuta da aka ba mu, na ci karo da wani batu da ya tilasta mini fahimtarsa kafin in raɗa masa suna. Ga abin da na gano.

A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai wasu 'yan ma'adanai da ba su da aiki sai ƙirge: umarni nawa aka zartar, bugu nawa agogon furosesa ya yi, da sauransu. Kowannensu na kira shi maƙirgi. Kamfanin Intel ya sa guda biyu a furosesar Pentium ta 1993. To amma maƙirgi yana da iyaka, gwargwadon yawan gurabensa na sifiri ko ɗaya. A furosesa mai bugu biliyan 3 a daƙiƙa, maƙirgi mai gurbi 32 ba ya kai daƙiƙa ɗaya da rabi yake cika, mai gurbi 40 minti 6, mai gurbi 48 kuwa kimanin awa 26. Da ya cika sai ya koma sifiri, kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota.

Wani ɗan ajinmu ya ce a kira wannan ambaliya. Ban yarda ba, domin ambaliya ɓarna ce. Na zaɓi tumbatsa, irin ta mudu, saboda mai awo da gangan yake cika mudunsa ya juye, ya sake cikawa.

Haka kanel ke yi, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. A Linux, tsarin perf da ya shigo a 2009 yana riƙe da jimilla mai gurbi 64. Duk sanda ya karanta maƙirgi, sai ya ɗebe tsohon adadi daga sabo ya ƙara bambancin a jimillar, don kada lissafi ya salwanta.

Dabara ta biyu ta fi burge ni. Kanel kan ɗora maƙirgi a inda saura, misali, 100,000 ya cika. Da ya tumbatsa sai furosesa ta katse aikin da ake yi ta kira kanel. Shi kuma ya rubuta inda manhaja take a lokacin, ya mayar da maƙirgi saura 100,000, ya goge alamar tumbatsa, aiki ya ci gaba. Bayan dubban irin wannan, wurin da ya fi bayyana a rubutun shi ne ke cinye lokaci, kuma shi mai gyara zai dosa.

A furosesoshin Intel da AMD, Linux na amfani da katsewar da ba a iya toshewa, domin a leƙa har wuraren da kanel ya rufe ƙofar sauran katsewa. Nan haɗarin yake. Idan mai amsa kiran ya tsaya jiran wani makulli da aikin da aka katse ke riƙe da shi, kwamfuta ta sandare ke nan. Sannan kiran kan ɗan makara, sai laifin ya faɗa kan umarnin da ke gaba da mai laifin. Intel ta samar da PEBS, AMD kuma IBS, don rage wannan zamiya. Idan kuma katsewar ta fara cin lokaci da yawa, kanel da kansa yake rage yawanta, ya bar saƙo a kundinsa.