Ƙasar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Idan aka ambaci ƙasar Ostareliya, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne Turawa, da garkunan tumaki, da dabbar nan mai ɗaukar ɗanta cikin jaka, watau kangaru. Amma tun kafin Bature ya san da wannan ƙasa, akwai waɗansu baƙaƙen mutane zaune a cikinta, waɗanda ake kira Aborijin. Su ne 'yan asalin ƙasar, masana kuwa sun tabbatar kakanninsu sun yi shekara fiye da 50,000 a wurin. Nufina a nan shi ne in bayyana yadda aka karɓe musu ƙasa da hujjar wai ba ta da mai ita, da kuma yadda suka rushe wannan hujja.

Da farko ya kamata mu sani mutanen nan ƙabilu ne masu yawa, harsunansu sun wuce 250. Kowace ƙabila tana da ƙasarta, ta kuma san iyakarta da duwatsu da koguna. Farauta da su da ɗiban 'ya'yan itace su ne abincinsu, suna ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan bisa ga lokacin shekara, amma ba sa ƙetare iyakar maƙwabta sai da izini. Sukan sa wa daji wuta kaɗan-kaɗan domin sabuwar ciyawa ta tsiro, namun daji su zo kiwo. Dattawa kuwa sukan koya wa yara sunan kowane tafki da kowane dutse ta hanyar waƙoƙi da labaru.

A 1770 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin James Cook, ya bi gaɓar gabashin ƙasar, ya ce ta zama ta Sarkin Ingila. A watan Janairu na 1788 jirage 11 suka iso inda birnin Sidni yake a yau, ɗauke da fursunoni da sojoji. Ba a ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba a kuma biya ko anini ba. Da Turawa suka duba ba su ga shinge ko fadar sarki ba, sai suka ɗauki ƙasar tamkar wadda ba ta da mai ita. Wanda ya tashi a karkara ya san kuskuren wannan tunani, gama ko saurar da aka bari ta huta shekara da shekaru tana da mai ita, kowa kuma a ƙauye ya san shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. A 1789 cutar agana ta kashe Aborijin masu yawa a kewayen Sidni. Shanu da tumakin baƙi suka mamaye wuraren shan ruwa, waɗanda suka tashi kare ƙasarsu kuwa aka gamu da su da bindiga. Bugu da ƙari, daga wajen 1910 zuwa wajen 1970 hukuma ta riƙa raba yara da iyayensu tana kai su gidajen reno, har da yawa suka girma ba su san harshensu ba. A lokacin waɗansu Turawa sun ɗauka ƙabilun nan ƙarewa za su yi.

Ba su ƙare ba. Mu ɗauki misalin ƙabilar Gurindji ta arewacin ƙasar. An mayar da ƙasarsu wani ƙaton gandun kiwo mai suna Wave Hill, wanda daga baya ya koma hannun kamfanin Vestey na Ingila. Masu ƙasa suka zama barori a cikinta, suna kiwon shanu bisa dawaki, ladansu bai wuce ɗan gari da sukari da shayi da kuɗi ƙalilan ba. Ran 23 ga Agusta, 1966, shugabansu Vincent Lingiari ya ja mutum wajen 200, maza da mata da yara, suka fice daga gandun. Mutane suka zaci yajin aiki ne na neman ƙarin albashi, har aka yi musu tayin ƙari, suka ƙi komawa. A 1967 suka je suka kafa sansani a Daguragu, wuri mai daraja a wurin kakanninsu, suka aika wa Gwamna Janar takardar koke a mayar musu da ƙasarsu. Aka ƙi. Suka ci gaba da zama.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Bayan shekara tara, ran 16 ga Agusta, 1975, Firayim Minista Gough Whitlam ya je Daguragu da kansa, ya ɗebi ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari, alamar an mayar musu da wani yanki nata. A 1976 aka kafa dokar da ta ba Aborijin na Yankin Arewa damar neman ƙasashen gadonsu, ta wannan doka kuwa kusan rabin yankin ya koma hannunsu.

Duk da haka tsohuwar hujjar nan tana nan cikin shari'a, sai da wani mai aikin lambu a jami'a, Eddie Mabo, ya tunkare ta. Shi mutumin tsibirin Mer ne, a arewa da Ostareliya, inda kowane gida ke da lambun da ya gada kaka da kakanni. Da aka gaya masa a doka lambun gidansu na gwamnati ne, sai shi da waɗansu 'yan'uwansa suka kai ƙara a 1982. Ran 3 ga Yuni, 1992, alƙalai shida cikin bakwai na Babbar Kotun ƙasar suka yanke hukunci cewa ƙasar tana da masu ita kafin zuwan Turawa. Mabo bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Janairu na shekarar. Sai dai dokar da aka yi a 1993 ta gindaya sharaɗi: duk ƙabilar da ke neman haƙƙinta, sai ta nuna ba ta yanke hulɗa da ƙasar da al'adunta ba. Wannan ya yi wa waɗanda aka kora da ƙarfi wuya ƙwarai.

To, ina aka kwana? Shahararren dutsen nan Uluru, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Ayers Rock, an mayar wa ƙabilar Anangu shi a 1985, a 2019 kuma aka hana hawansa kamar yadda suka daɗe suna roƙo. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa saboda yaran da aka raba da iyayensu. Ƙidayar 2021 ta sami 'yan asalin ƙasar fiye da 812,000. Amma da sauran rina a kaba. A 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa waɗansu kogwanni na Juukan da nakiya domin haƙar tama, alhali mutane sun fara zama cikinsu tun shekara 46,000 da suka wuce. A 2023 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan ba su majalisar ba da shawara cikin tsarin mulki, kimanin kashi 60 cikin ɗari suka ƙi.

'Yan'uwana ɗalibai, darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Mutanen nan ba su da takardar mallaka, abin da suka kai gaban hukuma shi ne zamansu a ƙasar, da harshensu, da sunayen tafkuna da duwatsu da suka karɓa daga bakin dattawa. Da sun bar waɗannan sun ɓace, da ba su da shaida. Saboda haka kada mu raina tsohon da ya san iyakar gonaki da asalin sunan unguwa, mu zauna mu tambaye shi tun yana da rai. Allah ya sa mu gane.