Ƙawancen 'yan daudu, hidimar Sallah da ƙwayar kemis

A tsakanin 'yan daudu, ƙawance ne ke ɗaukar nauyin da dangi suka sauke. Wanda aka kora daga gida yakan samu uwar ɗaki da za ta ba shi makwanci, ta koya masa girki da suyar kaji a tasha, ta sa shi a adashi. Rudolf Gaudio ya yi bayanin wannan zama na uwa da 'ya a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, Allah Made Us. Da Sallah abin ya fi fitowa fili: waɗanda ba su da gidan zuwa gaisuwa sukan yi anko, su yi girki, su aika wa juna kwano, kowa na gode wa wanda ya tsaya masa a shekarar. Ta hannun ƙawayen nan kuma magani ke yawo.

Washegarin wata Babbar Sallah aka kawo wani ɗan daudu da bai kai shekara 30 ba sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati, yana numfashi sama-sama, ƙafar hagu ta kumbura daga ƙwauri har cinya. Ya kwana biyu tsaye a bakin murhu yana aikin abincin Sallar mutane, ga sigari ba ya rabuwa da bakinsa. Da ƙafar ta fara ciwo, mai kemis ya ce sanyi ne, ya danna masa allurar diclofenac. Wanzami ya yi ƙaho. Wata ƙawa ta kwana tana murza wurin da man zafi. Hoton Doppler ya nuna jini ya daskare a jijiyar femoral, kuma alamu duk sun nuna wani gutsure ya riga ya wuce huhu.

Da aka tambaye shi magungunan da yake sha, ya ce babu. Ba abin mamaki ba ne. Tun dokar 2014 da ta haramta auren jinsi, ga kamen Hisbah, irin waɗannan majinyata ba sa sakin baki a gaban baƙo. Wani ma'aikaci kuma ya kori ƙawayensa da gatse, wai a kawo ɗan uwa na jini. An buga waya gida, ba wanda ya zo. Uwar ɗakinsa na zaune a baranda har bayan isha'i, sai da wata nas ta fita ta gaishe ta, sannan ta ciro katin magani daga jaka ta ce, "Sista, 'yata ce, ni na san abin da take sha." Ƙwayar tazarar haihuwa ce mai ethinylestradiol, uku a rana, kusan shekara guda, don ƙirji ya fito. Wata ƙawa ce ta fara ba shi kyauta, mai kemis ya ci gaba da sayar masa ba ko tambaya. Ba don wannan gaisuwar ba, da an sallame shi da warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya koma kan ƙwayarsa.

Kuɗin adashi ne ya sayi allurar enoxaparin ta hana daskarewar jini. Ƙawayen ne suka raba kwanan jinya a tsakaninsu. Ya rayu.

Ethinylestradiol ba maganin da ya dace da sauya jiki ba ne. Ƙa'idojin ƙungiyar Endocrine Society na 2017 sun hana amfani da shi don wannan, saboda daskarewar jini. Haɗa shi da sigari ganganci ne. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ba a murzawa, ba a ƙaho, asibiti ake nufa a ranar, ko da ranar Idi ce. Mai kemis da ke miƙa katin ƙwaya uku ga namiji bai tambayi komai ba, kuɗi kawai ya gani. Kuma ba a murza ƙafar, wannan sai an yi ta maimaitawa, don kullum da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Ga ma'aikatan asibiti kuwa, ba aikin mai ɗaukar tarihi ba ne yanke hukunci kan rayuwar majinyaci. Wanda ya kawo shi, ya biya kati, ya kwana a baranda, shi ke riƙe da labarin da fayil ke buƙata. A rubuta lambarsa, a yi masa bayanin warfarin na aƙalla wata uku da ranakun gwajin jini na INR, a gaya masa kada a yi ta ɗura wa majinyaci zogale da alayyafo da sunan ƙarin jini, kuma diclofenac ɗin nan ya fita daga ɗakin gaba ɗaya.