Yadda Ake Kashe Wutar Gida Kafin a Taɓa Waya

Mutane da yawa suna jira a ɗauke wuta su kwance soket ko fanka. Wannan ganganci ne, domin ba a sallama kafin a dawo da ita, kuma wutar gidajenmu mai ƙarfin volt 230 tana kisa. Ɗauke wuta daban, kashe ta da hannunka daban.

A akwatin wuta na zamani akwai ƙananan birekoki, kowace da layinta: na fitilu, na soket, na famfon ruwa. Kusa da su akwai wata mai faɗi da ake kira RCD, mai ɗan maɓalli da harafin T. Aikinta auna wutar da ta fita ta wayar layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai miliamfa 30, alamar wuta na zurarewa ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido.

1. Gwada RCD. Danna T da wuta a gidan. Idan ba ta faɗi nan take ba, dakatar da aikin ka kira mai gyaran wuta. Ka saba yin wannan gwajin duk wata 6.

2. Toshe duk ƙofofin wuta. Kashe janareta, ka mayar da canjin layi tsakiya. Kashe inbata, ka raba ta da batir da sola, don tana ci gaba da ba gida wuta ko babu NEPA.

3. Gano layin, amma wannan sai da wuta a gidan, don haka ka yi shi kafin ka toshe ƙofofin wutar. Kunna fitila a inda za ka yi aiki, ka riƙa sauke birekoki ɗaya bayan ɗaya har ta mutu. Kada ka dogara da rubutun jikin akwati kaɗai, wataƙila an sauya wayoyi bayan an rubuta.

4. Sauke birekar, sannan ka sauke RCD ɗin da ke kanta. Ƙaramar bireka layif kawai take yankewa, RCD kuwa tana yanke layif da nutural tare. Tunda bireka ba ta yanke nutural, RCD tana faɗuwa idan nutural ta taɓa wayar ƙasa, ko da birekar layin a kashe take. Idan kana shakka, kashe babban makunni gaba ɗaya.

5. Kulle akwatin, ka sa makulli a aljihunka. Manna takarda, ka kuma faɗa wa mutanen gida da baki, kada wani ya ga duhu ya je ya ɗaga.

6. Tabbatar wayar ta mutu. A nan ake yawan kuskure. Sukudireba mai fitila tana yaudara, don haka nemi na'urar gwaji mai baki biyu. Fara gwada ta inda ka san akwai wuta ko a kan abin gwajinta, sannan ka auna layif da nutural, layif da wayar ƙasa, nutural da wayar ƙasa. Ka sake gwada na'urar a ƙarshe, ko ta lalace a tsakani. A tsohon aiki layif ja ce, nutural baƙa. A sabo layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya. Amma launi ba hujja ba ne, awo ne hujja.

7. Mayar da wuta a tsare. Ɗaure wayoyi, rufe murfi, ɗaga RCD, sannan birekoki ɗaya ɗaya. Idan RCD ta sake faɗuwa, akwai inda wuta ke zurarewa. Kada ka yarda a cire ta ko a haɗa waya ta bayanta don a huta.

Ka sani RCD ba ta ceton wanda ya riƙe layif da nutural lokaci guda, domin a wurinta wutar da ta fita ta dawo cif. Kariya ce ta ƙarshe, ba lasisin aiki da wuta a kunne ba. Mita da wayar da ta sauko daga turke kuwa na kamfanin wuta ne, ko ka kashe komai suna da rai. Su da cikin akwatin kansa, bar wa ƙwararre.